Harafin Z: yadda matsalar sauke fayil ta layin Telenet ta sauya allunan BBS

A shekarar 1985 kamfanin Telenet na Amurka ya fito da wata garaɓasa da ya sa wa suna PC Pursuit. Ka biya dala 25 a wata, kamfanin ya ba ka damar kiran kwamfutocin da ke wasu manyan biranen ƙasar da daddare da ranakun ƙarshen mako, ba tare da kamfanin tarho ya caje ka kuɗin kiran nesa ba. Waɗanda suka fi rububin abin su ne masu bin allunan BBS. Allon BBS dai kwamfuta ce da wani ya ajiye, sau da yawa a cikin ɗakin kwanansa, ya haɗa ta da layin tarho ta hanyar modem, na'urar da ke mayar da bayanan kwamfuta sauti domin su bi ta layin, ya bar ta a kunne domin duk mai lambar ya kira ya karanta saƙonni, ya bar nasa, ya kuma ɗebi fayiloli. A da, mutumin da ke Denver in yana son wata manhaja da ke wani allo a Boston, kowane minti da ya yi a kan layi aljihunsa ne ke jin jiki. Yanzu kuɗin ya koma na wata, ko ya kwana a kan layi.

Murnar ba ta yi nisa ba. Karanta saƙo lafiya lau, amma da zarar mutum ya ba da umarnin sauke fayil sai abu ya koma jan ciki, wani lokaci ma ya tsaya cik. Modem bai lalace ba, allon ma lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana cikin ƙa'idar da kwamfutocin biyu ke bi wajen miƙa wa juna fayil, wadda aka tsara tun 1977 domin wani irin layi daban. Telenet ya ɗauki nauyin gyara, kuma abin da ya fito daga gyaran, wato ƙa'idar ZMODEM, shi ne ya zama harafin Z da kusan kowa ke dannawa wajen sauke fayil a allunan BBS har zamaninsu ya wuce.

Abin da mai kira yake tararwa

Komai yana farawa ne daga manhajar kira da ke kwamfutar mai kira, irin su Procomm, Qmodem ko Telix. Ita ce ke aika wa modem umarnin ATDT haɗe da lambar waya. Modem biyu su yi kururuwarsu na 'yan daƙiƙoƙi, sai a ga CONNECT 1200 ko CONNECT 2400 ya fito. In ba a ci sa'a ba a ga BUSY, domin yawancin alluna layi ɗaya gare su, mutum ɗaya ke shiga, saura su jira. Shi ya sa ake yanka wa kowa lokacinsa, a alluna da yawa rabin awa zuwa awa guda a yini. Duk umarnin da ke sashen fayiloli, in ka lura da kyau, saboda wannan agogon aka ƙirƙire shi.

Allo na farko, CBBS, wanda Ward Christensen da Randy Suess suka kunna a Shikago ranar 16 ga Fabrairun 1978, na saƙonni ne. Musayar fayil ta fi bunƙasa a wasu kwamfutoci da ake kira RCP/M, inda ake sakin mai kira kai tsaye cikin CP/M, tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, kamar yana zaune gaban injin. Zai ga alamar A0> tana jiransa. Ya rubuta DIR ya ga sunayen fayiloli, ya rubuta B1: ya koma wani faifan, ya rubuta TYPE da sunan fayil ya karanta rubutu, in ya gama ya rubuta BYE. Wurin da sababbin shiga ke tuntuɓe shi ne umarnin aikawa. Domin ka sauke fayil sai ka rubuta XMODEM S da sunansa, domin ka ɗora kuma XMODEM R. Harafin S na aikawa ne, R na karɓa, amma ta fuskar kwamfutar da ka kira, ba ta fuskarka ba. Mai son karɓa shi ne zai ce a aika. Mutum sai ya juya kansa ya tsaya a matsayin injin kafin ya gane.

Allunan da suka zo da zamanin kwamfutocin IBM sun ɓoye wannan duka a bayan jerin haruffa. Mu ɗauki PCBoard na kamfanin Clark Development da ke jihar Utah, domin manyan allunan fayiloli da yawa shi suka yi amfani da shi a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990. Ka danna F, a jero maka ɗakunan fayiloli da lambobinsu: wannan na wasanni, wancan na manhajojin sadarwa, wani na hotuna. Ka zaɓi lamba, jeri ya fara gangarowa. Kowane layi yana da sunan fayil mai harafi takwas da ɗigo da harafi uku, sai girmansa, sai kwanan wata, sai ɗan bayani da bai wuce harafi 45 a layi ba. Wanda ya shigo bayan ziyararka ta ƙarshe ana sa masa tauraro a gefen kwanan wata. In fuskar kwamfuta ta cika, allon ya tsaya ya tambaye ka ko a ci gaba. Ka ce Y, ko N, ko NS in kana so ya zubo duka ba tsayawa, kai kuma manhajarka tana kwafewa domin ka karanta bayan ka ajiye waya.

Amma wa zai bi ɗaki ɗaki a kan haruffa 120 a daƙiƙa, wato gudun modem na 1200? Gogaggu ba sa taɓa F sai nadiran. Suna da gajerun hanyoyi uku. N yana nuna sababbin fayiloli daga wata rana. L yana neman fayil da sunansa, kuma yana karɓar tauraro a madadin haruffan da ba ka sani ba, misali L PKZ*.* A. Z kuma yana neman kalma a cikin bayanan fayilolin, ba sunayensu kawai ba. Harafin A da ke ƙarshe yana nufin a duba dukkan ɗakuna. Kuma PCBoard yana barin mutum ya jera amsoshinsa a layi ɗaya, ba sai an tambaye shi ɗaya bayan ɗaya ba: N;S;A na nufin sababbin fayiloli, tun zuwana na baya, a ko'ina. Haruffa biyar sun maye tambayoyi uku. Wanda ya iya wannan jerin, an san ba baƙo ba ne.

Sai D na saukewa da U na ɗorawa, da T na zaɓen ƙa'idar aikawa. Kafin allon ya fara turo fayil zai lissafa mintunan da aikin zai ci, in sun fi abin da ya rage maka ya ƙi. Mai ɗorawa kuma za a ce ya rubuta bayanin abin da ya kawo, in ya fara bayanin da alamar / to fayil ɗin na mai allo ne shi kaɗai, sauran jama'a ba za su gani ba. Da yake mutane suna rubuta bayanin banza don gaggawa, daga baya Clark Development ya kawo al'adar FILE_ID.DIZ, ɗan fayil na bayani da mai manhaja ke cusawa cikin ƙunshin ZIP, layi goma masu harafi 45, allon ya ciro da kansa ya liƙa a jeri.

Jerin da T ke fitarwa shi ne gindin maganarmu: X na Xmodem, C na Xmodem mai CRC (wani lissafin gano kuskure), O na mai kilobait ɗaya, Y na Ymodem, G na Ymodem-g, Z na Zmodem. A 1985 babu Z a kowane jeri.

Inda XMODEM ya gaza

Christensen ya rubuta MODEM.ASM a 1977 domin ya riƙa musayar fayil da abokansa. Keith Petersen ne ya yi wani sigar ta musamman domin kwamfutocin RCP/M ya kira ta XMODEM, sunan ya bi ƙa'idar gaba ɗaya. Tsarin yana da sauƙi har mutum zai iya riƙe shi a ka. Ana yanka fayil gutsure gutsure na bait 128 (bait ɗaya daidai yake da harafi ɗaya), domin haka CP/M ke ajiye bayanai a faifai. A gaban kowane gutsure a sa bait uku: alamar farawa, lambar gutsuren, da kishiyar lambar domin tabbatarwa. A bayansa a sa bait ɗaya na lissafi, wato jimillar dukkan bait ɗin. Ya zama 132. Mai karɓa ya sake lissafin, in ya dace ya mayar da ACK, alamar an karɓa lafiya, in bai dace ba ya mayar da NAK, alamar a sake turowa. Mai aikawa ba ya motsi sai ya ji amsa. Kamar mai awon hatsi ne da ba zai ɗebo mudu na biyu ba sai mai saye ya ce ya ga na farko.

A kan layin tarho na cikin gari, da modem mai gudun 300, wannan ba laifi ba ne. Gutsure ɗaya yana cin fiye da daƙiƙa huɗu, amsar kuwa nan take take dawowa, jiran ba ya ko nunawa. Hanyar Telenet daban ce. Mai kira yana buga lambar Telenet ta garinsu, haruffansa su shiga wata na'ura da ke tara su ƙunshi ƙunshi bisa tsarin sadarwa na X.25, a bi da su ta tashoshi da dama, su fito a wani modem da ke birnin da ake nema, shi kuma ya kira allon. Kowace tasha tana ɗan riƙe ƙunshi. Amsar ACK, bait ɗaya tak, ita ma sai ta bi wannan doguwar hanya ta dawo.

A yi lissafi a gani. Fayil mai kilobait 200 gutsure 1,600 ne. A gudun 1200 kowane gutsure yana cin daƙiƙa 1.1, ke nan kimanin minti 29 in babu jira. A ɗauka hanyar tana ƙara jiran daƙiƙa ɗaya a kowane gutsure: aikin ya koma minti 56. Yanzu mutum ya tara kuɗi ya sayi modem mai gudun 2400, yana zaton zai raba lokacin biyu. Turawar kanta ta sauko kusan minti 15, amma jiran yana nan yadda yake, jimilla minti 41. Ya ninka gudun modem, abin da ya samu bai kai kashi ɗaya cikin uku na ragi ba. Mai awa ɗaya a yini, fayil ɗaya ya cinye masa ranar.

Wannan jinkiri ne kawai. Akwai abin da ya fi shi muni. XMODEM yana tura kowane irin bait yadda yake, alhali hanyar sadarwa tana ɗaukar wasu a matsayin umarni gare ta. Ctrl-S yana nufin dakata, Ctrl-Q ci gaba, Ctrl-P kuma a na'urorin X.25 yana fitar da mutum daga hira zuwa wurin ba na'urar umarni. Manhaja ko matsattsen fayil ba makawa akwai irin waɗannan lambobi a cikinsa. Hanya ta haɗiye bait ɗin, gutsure ya iso da giɓi, a sake turowa, ta sake haɗiyewa, har a yi sau goma a haƙura. Lambar gutsuren kanta in ta kai 17 ko 19 ta yi daidai da waɗannan alamomi.

Ga kuma tsofaffin raunukan da aka daɗe ana haƙuri da su. Lissafin bait ɗaya yana iya barin ɓarna ta wuce, domin kuskure biyu na iya share juna. Ƙarar layi na iya lalata ACK ɗin, ko ta ƙirƙiri abin da ya yi kama da alamar ƙarewa, fayil ya yanke a tsakiya ana zaton ya cika. Ba a aika sunan fayil, sai mai kira ya rubuta shi sau biyu: sau ɗaya ga allon, sannan ya danna PgDn a manhajarsa, ya zaɓi ƙa'ida iri ɗaya da wadda ya faɗa wa allon, ya sake rubuta sunan, duk kafin allon ya gaji da jira. Ba a aika girma, don haka ana cike gutsuren ƙarshe da Ctrl-Z, fayil ya iso da ɗan ƙari. Uwa uba, in layi ya yanke, ko don wani ya ɗaga ɗaya kan tarhon a falo, ko don ƙarar kira na biyu ta shigo, sai a ga NO CARRIER, kuma duk abin da aka sauke ya tashi a banza. Gobe daga gutsure na ɗaya za a faro. Shi ya sa mutane suke sa *70 a gaban lambar da za su kira, domin a toshe kira na biyu.

An yi ta faci kafin 1986. An ƙara lissafin CRC mai bit 16 (bit takwas ke yin bait ɗaya), inda mai karɓa ke fara aika harafin C maimakon NAK. An ƙara girman gutsure zuwa 1,024, wanda a misalinmu na sama zai sauko da minti 56 zuwa kamar 32, sai dai kuskure ɗaya yana jawo a sake turo kilobait guda. Chuck Forsberg, mai kamfanin Omen Technology a yankin Portland na jihar Oregon, ya ƙara gutsure na sifili mai ɗauke da suna da girma, ya kuma ba da damar aika fayiloli da yawa a jere. Christensen ne ya raɗa wa wannan suna YMODEM a 1985. Ymodem-g ya daina jiran amsa kwata-kwata, amma ba ya gyara kuskure, da ya ga ɗaya sai ya watsar da aikin, don haka sai masu modem mai gyara kuskure da kansa. Kermit na Jami'ar Columbia, tun 1981, ya iya bi ta kowace irin hanya, amma a yadda yawancin manhajojin kira suka sa shi, gutsurensa ƙanana ne ƙwarai, kuma masu BBS sun ɗauke shi a matsayin mai nawa.

Aikin da Forsberg ya yi

Telenet ya ba Forsberg kwangilar tsara sabuwar ƙa'ida, ya fitar da ita a 1986, kuma aka sake ta ga jama'a, kowa ya sa a manhajarsa ba biya. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya yi tasiri fiye da yadda ake ba shi. Akwai wasu ƙa'idoji na lokacin da suka magance jira, irin su WXMODEM da SEAlink, amma ba su bazu haka ba.

Abu na farko da ya jefar shi ne lambar gutsure. ZMODEM ba ya cewa gutsure na kaza, cewa yake daga bait na kaza. Mai aikawa yana zubo bayanai ba tsayawa, a ƙananan ƙunsoshi da ke kai wa bait 1,024, kowanne da CRC ɗinsa mai bit 16 ko 32. Mai karɓa yana shiru muddin komai daidai ne. In ya ga ɓarna sai ya aika saƙon ZRPOS ɗauke da lambar bait na ƙarshe da ya amince da shi, mai aikawa ya koma can ya ci gaba. Jinkirin hanya yana nan, amma yanzu ana biyan kuɗinsa ne lokacin kuskure kawai, ba a kowane bait 128 ba. A gudun 2400, inda iyakar layi haruffa 240 ne a daƙiƙa, masu kira suka fara ganin 230 da ɗoriya a fuskar kwamfuta.

Na biyu, ya rufa wa haruffa masu haɗari asiri. Duk bait da hanya za ta iya ɗauka a matsayin umarni, ana sa masa wata alama a gaba, a juya masa bit ɗaya, mai karɓa ya mayar da shi yadda yake. Har tambarin mai ba da kwangila yana nan a jikin ƙa'idar: a Telenet, danna Enter, sannan @, sannan Enter yana fitar da mutum zuwa wurin umarni, don haka ZMODEM yana ɓoye duk alamar Enter da ta biyo bayan @. Shekaru bayan PC Pursuit ya shuɗe, kwamfutocin da ba su taɓa shiga Telenet ba suna ci gaba da kiyaye wannan doka. Soke aiki kuma ba ya yiwuwa da bait ɗaya da ƙarar layi za ta iya ƙirƙira. Sai an ga Ctrl-X sau biyar a jere.

Waɗannan biyu su ne abin da Telenet ya biya a yi masa. Amma ni a ganina ba su ne suka sa jama'a suka rungumi Z ba, domin mafi yawan masu kira alluna na garinsu suke kira, inda babu wani jinkiri, kuma Ymodem ma yana ba su gudu mai kyau. Abin da ya saye su abubuwa biyu ne da suka faɗo kusan a matsayin ƙari.

Ɗaya, farawa da kai. Da allon ya shirya sai ya turo wani jerin haruffa na musamman, wanda a manhajar da ba ta gane shi ba yake fitowa kamar B00 da jerin sifilai. Manhajar da ta gane kuwa, irin Telix, da ta gan shi sai ta buɗe akwatin saukewa da kanta, ta karɓi suna da girma da kwanan wata daga allon. Babu PgDn, babu sake rubuta suna, babu zaɓen ƙa'idar da ba ta dace ba. Da aka ƙara damar yi wa fayiloli alama tun ana cikin duba jeri, mutum zai yi wa biyar ko shida alama, ya ba da umarnin saukewa ɗaya, ya ce allon ya ajiye waya da kansa in an gama, ya tafi ya kwanta.

Ɗayan kuma, ci gaba daga inda aka tsaya. Tunda ƙa'idar da lambar bait take magana, babu bambanci tsakanin kuskuren da ya faru daƙiƙa biyu da suka wuce da layin da ya yanke jiya. Mai karɓa ya duba faifansa, ya ga akwai fayil mai wannan suna amma bai cika ba, sai ya aika ZRPOS da tsawon abin da ke hannunsa tun a farkon magana. Forsberg bai buƙaci wani sabon injin ba, wanda ya gina domin gyara kuskure shi ne ya yi wannan aikin ma. Akwai tarko ɗaya: in fayil ɗin da ke faifanka sunansu ne kawai ya zo ɗaya da na allon, za a liƙa maka wutsiyar wani a jikin wani, ka tashi da abin da ba ya buɗewa. Ƙa'idar tana da hanyar neman CRC na fayil domin a kwatanta, sai dai ba kowace manhaja ta damu da ita ba.

Abin da ya biyo baya

Yaɗuwar ba ta jira kamfanonin manhaja ba. Forsberg ya fitar da DSZ, ƙaramar manhajar DOS da allo ko manhajar kira za ta miƙa wa layi, ta yi aikin, ta dawo da shi. Masu alluna suka riƙa ƙara ta a jerin T da hannunsu. A kwamfutocin Unix kuma akwai manhajojin rz na karɓa da sz na aikawa. Ƙa'idar kyauta ce, amma DSZ na gwaji ne da ake son a biya, kuma ya sa masa wasu ƙarin dabaru na kansa, irin MobyTurbo, waɗanda ba su cikin abin da aka sake wa jama'a. Daga nan yake cin abinci.

Girman fayiloli ya bi sabon ƙarfin. A Disamban 1993 da wasan Doom ya fito, sigar gwajinsa kimanin megabait 2 ce. Mai modem 14,400 zai gama cikin minti ashirin da wani abu. Mai 2400 kuwa kusan awa biyu da rabi ke gabansa, abin da da XMODEM ba mai hankalin da zai ma fara a kan layin da ke iya yankewa kowane lokaci.

Akwai kuma inda sabuwar ƙa'idar ta taɓa zaman jama'a. Alluna da yawa suna da dokar rabo: sai ka ɗora fayil ɗaya kafin ka sauke adadi kaza, wasu kuma da yawan bait suke aunawa, har ana mayar wa mai ɗorawa mintunan da ya kashe. Mai ɗiba ba ya kawowa ana kiransa matsattsaku, kuma ba yabo ba ne. To allon yana rubuta wa mutum bashi ne in an kammala saukewa lafiya. Wasu suka gano ƙofar, aka fito da Leech Zmodem, wanda ke karɓar fayil har ƙarshe sannan ya yi ƙaryar an samu matsala ya soke. Fayil yana hannu, littafin allo ya ce ba a sauke komai ba. Masu alluna suka koma bin rajistar aiki suna neman wanda kullum saukewarsa ke lalacewa a bait na ƙarshe, in an kama shi a rufe masa ƙofa.

Bai kuma dace da kowa ba. Zubo bayanai ba tsayawa yana buƙatar kwamfutar da za ta iya karɓa tana rubutawa a faifai a lokaci guda. Masu Commodore 64 da faifansu mai nawa sun fi zama da ƙa'idarsu ta Punter. Ko a kwamfutocin IBM, da modem suka yi sauri, tsohon guntun 8250 da ke kula da mashigar modem ya riƙa zubar da haruffa, sai wanda ya sauya zuwa 16550 mai ɗan rumbun bait 16 ya huta. Mutum zai ga lissafin kurakurai yana hawa, ZRPOS yana ta mayar da aiki baya, ya zargi layi, alhali matsalar tana cikin akwatinsa.

Wurin da ci gaba daga inda aka tsaya ya fi amfani ba Amurka ba ne. A farkon shekarun 1990, kafin intanet ta iso yawancin Afirka, ƙungiyoyi masu zaman kansu a birane irin su Nairobi, Harare, Dakar da Addis Ababa suna samun wasiƙun lantarki ne ta FidoNet, hanyar da Tom Jennings ya fara a 1984 domin alluna su riƙa kiran juna da dare. GreenNet da ke Landan ita ce mashigarsu zuwa sauran duniya. Ana matse wasiƙu cikin fayil ɗaya a aika a kira ɗaya gajere, kan layukan ƙasa da ƙasa masu tsada da yawan yankewa, kuma manhajojin Fido da yawa da wani reshen ZMODEM mai suna ZedZap suke aiki.

Forsberg ya rasu a 2015, Christensen a 2024. Har yau rz da sz suna nan a Linux, masu kula da sabobi suna jawo fayil da su ta tagar umarni. Amma tsohon XMODEM ne ya fi samun aikin dindindin, saboda ƙanƙantarsa tana shiga cikin 'yar manhajar da ke tayar da na'ura. U-Boot, wanda ke cikin ƙananan na'urori bila adadin, yana da umarnin loadx da loady. In manhajar wata na'urar sadarwa ta kamfanin Cisco ta goge har ba ta iya hawa hanyar sadarwa, ma'aikaci yana jona mata igiyar konsol, wadda ke haɗa ta kai tsaye da kwamfutarsa, ya tura sabuwa da xmodem. Gudun konsol na asali 9600 ne, wanda zai sa fayil mai megabait 10 ya ci fiye da awa uku, don haka abu na farko da yake yi shi ne ɗaga gudun zuwa 115200. In igiyar ta zame a tsakiya, daga gutsure na ɗaya zai sake farowa.